Jack: Yakubu ne ko Yahaya?

"Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Ingila da iyalina. Yarona sunansa na yanka Yakubu, amma tun da ya shiga sakandare abokansa da malamansa ba sa kiransa da komai sai Jack, har a gida ma ya fara amsawa. Babansa ya ce ba komai, wai Jack shi ne Yakubu da Turanci. Wata maƙwabciyata kuma ta ce a'a, Jack laƙabin John ne, wato Yahaya. Da muka je hutu Kano kakarsa ta ji, ta ce ita ba za a riƙa ce wa jikanta jaki ba. Don Allah mece ce ma'anar sunan nan, daga ina ya fito, kuma in bar shi ko in hana?"

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. In na fahimce ki, so kike ki san wanda ya fi gaskiya tsakanin maigida da maƙwabciyarki, sannan ki san ko akwai wani abin ƙi a cikin sunan. To, a tarihin harshe maƙwabciyarki ce ta fi kusa da gaskiya: Jack laƙabin John ne, John kuwa shi ne sunan da Turawa suke kiran Annabi Yahaya (AS) da shi. Amma maigida ma ba haka kawai ya faɗa ba, yana da madogara, kuma zan kawo ta. Ko ta wace hanya aka bi, tushen sunan Ibrananci ne, harshen Bani Isra'ila, kuma ko ta wace hanya sunan annabi ake tararwa a ƙarshe.

Daga Yohanan zuwa John

Asalin sunan a Ibrananci Yohanan ne, cikakkensa Yehohanan. Gaɓa biyu ce aka haɗa. Ta farkon taƙaitaccen sunan Ubangiji ne a harshensu, ta biyun kuma, hanan, aikatau ne mai nufin ya yi alheri, ya tausaya. Ma'anar ke nan: Ubangiji ya yi alheri. Wannan saiwa ba baƙuwa ba ce a kunnenki, domin Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne. Ita ce a cikin Hannatu, ita ce a cikin Hanan da ake sa wa 'yan mata yanzu, ita ce kuma a "ya Hannanu ya Mannanu" da ake faɗa a addu'a. A Suratu Maryam, aya ta 13, inda ake siffanta Annabi Yahaya, an ce "wa hananan min ladunna", tausayi daga gare Mu. Masu nazarin harsunan nan sun daɗe da lura cewa kalmar da aka siffanta shi da ita a ayar ita ce saiwar sunansa na Ibrananci.

A nan akwai wurin da ya kamata in taka a hankali. Cewa Yahaya ɗan Zakariyya da Musulmi suka sani shi ne John mai yin baftisma da Kirista suka sani, wannan babu gardama, mutum ɗaya ake nufi, shi ya sa fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ma take kiransa Yahaya. Amma ko lafazin Yahya daga Yohanan ya fito, ko kuwa suna ne dabam daga saiwar rayuwa kamar yadda malaman tafsiri da dama suka fassara shi, wannan masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Larabawa Kirista dai Yuhanna suke cewa, kuma daga nan ne Yohanna da kike ji a Jos da Kudancin Kaduna da Adamawa.

Da aka rubuta Linjila da Girkanci sai sunan ya zama Ioannes. Rumawa suka karɓa da Latin suka ce Iohannes. Har zuwa nan da "ya" ake furta farkonsa. Bakin Faransawan da ne ya mai da wannan "ya" ɗin "ja", suka ce Jehan ko Johan, kuma su ne suka kai shi Ingila bayan Normaniyawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar da yaƙi a 1066. Wannan canji guda shi ne ya raba sunayen annabawa na bakinmu da na bakin Ingilishi: Yusufu da Joseph, Yunusa da Jonah, Yakubu da Jacob. Harafin J kansa bai daɗe ba. Fassarar Baibul ta Sarki James da aka buga a 1611 da harafin I ta rubuta sunan, Iohn. Jamusawa har gobe in sun rubuta Johann, Yohan suke karantawa.

Yadda aka yi John ya haifi Jack

Ɗalibaina a nan suke tsayar da ni kullum in muka zo darasin tarihin sunaye, su ce Malam ina N ɗin ta tafi, K kuma daga ina? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin cinikin ulu.

A ƙarni na 13 da na 14 Ingila tana sayar da gashin tumaki ga masaƙan Filandas, yankin da yawancinsa yake cikin Beljiyam a yau. Fatake da masaƙa suna kai da kawowa, wasu suka zauna. A harshensu akwai ɗafa-ƙeya ta ƙanƙantawa, wadda ta shiga bakin Ingilishi a matsayin -kin. In an liƙa ta a suna sai ya zama na lele, kamar a ce ɗan ƙaramin wane. Walter ya zama Watkin, William ya zama Wilkin, Peter ya zama Perkin, David ya zama Dawkin. John, wanda talakawa suke furtawa Jan ko Jen, ya zama Jankin ko Jenkin. Sunayen sun mutu a matsayin sunan yara, amma suna nan daram a sunayen zuri'a: Watkins, Wilkinson, Perkins, Dawkins, Jenkins.

Daga Jankin sai N ta narke, domin masu lafazi irin na Faransa ta hanci suke fitar da ita, ba ta fitowa sosai. Aka samu Jackin. Daga baya aka yanke wutsiyar, ya rage Jack. Ba hasashe ba ne kawai. Wani ɗan majami'a mai zaman zuhudu a Kantabari, da yake rubuta tarihin gidan ibadarsu wajen shekarar 1414, ya yi maganar ɗabi'ar mutanen Ingila ta taƙaita sunaye, ya ba da misali cewa maimakon Thomas sai su ce Tomme ko Tomlin, maimakon John kuma su ce Jankin ko Jacke. Mutumin da ya rayu a zamanin, yana jin abin da kunnensa, shi ya haɗa sunayen biyu. A 1892 shugaban babban ɗakin karatu na Jami'ar Oxford, E. W. B. Nicholson, ya fitar da ɗan ƙaramin littafi a kan asalin Jack kaɗai, ya tattaro irin waɗannan hujjoji, kuma tun daga nan mafi yawan masana sunaye suka karkata ga John.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Wa zai kalli Garba ya ce Abubakar ne in ba an gaya masa ba? Ko Ya'u, wanda wutsiyar Zakariyya'u ce kawai ta rage? Laƙabi ba ya bin rubutu, baki yake bi. Ingilishi ma haka suka mai da Richard Dick, Robert Bob, Edward Ted, Henry kuma Harry. Yarima Harry na gidan sarautar Ingila sunansa na takarda Henry.

Shaidar zamani ma tana nan birjik. Shugaban Amurka John F. Kennedy, a gidansu da wajen abokansa Jack ne. Jack Charlton, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 1966, sunansa na haihuwa John. Ga tsofaffin Ingila da Ailan da Amurka, in an ce Jack, John ne ke zuwa musu a rai.

Madogarar maigida

Yanzu ga ɓangaren babansa. Yakubu a Ibrananci Ya'akob ne. Attaura ta danganta sunan da akeb, wato diddige, domin ta ce an haife shi yana riƙe da diddigen tagwaininsa Isuwa. Saiwar tana ɗauke da ma'anar biyowa a baya, kamar yadda take a Larabci, kuma mai karatun Alƙur'ani zai tuna da Suratu Hud, aya ta 71, inda aka yi bushara da Is'haƙa, "kuma a bayan Is'haƙa, Yakubu". Masu binciken tsofaffin rubuce-rubucen Gabas ta Tsakiya kuma suna ganin taƙaitawa ce ta wani tsohon suna, Ya'kub-el, mai nufin Allah ya kiyaye.

A Latin sunan ya rabu biyu, Iacobus da Iacomus. Na farkon ya ba Faransawa Jacques, na biyun ya ba Italiyawa Giacomo, ya ba Ingilishi James. Abin da mutane da yawa ba su sani ba ke nan: James ma Yakubu ne. Wasiƙar James da ke cikin Sabon Alkawari, a Hausa Yakubu aka rubuta mata. Magoya bayan Sarki James na Biyu, wanda aka tumɓuke a 1688, Jacobites ake kiransu saboda sunansa na Latin. Don haka laƙubban Yakubu na gado a Turanci su ne Jim da Jimmy da Jamie ta hanyar James, sai Jake ta hanyar Jacob.

To, Jacques na Faransa in an furta shi, Jak ake ji. Faransanci kuwa shi ne harshen fada da kotu a Ingila ɗaruruwan shekaru bayan 1066. Akwai kuma wani dacen: kamar yadda Jack ya zama sunan kowane talaka a Ingila, haka Jacques ya zama sunan kowane baƙauye a Faransa, har boren manoman ƙasar na 1358 aka sa masa suna Jacquerie. Saboda haka akwai masanan da suke ganin Jacques ya sa hannu wajen kafuwar Jack, ko da ba shi ya haife shi ba. A tsofaffin rajistocin Ingila ana samun Jakes da Jaques, kuma ba kullum ake iya rarrabe wanne na John ne wanne na James ba, tunda magatakarda da Latin suke rubutu, kowa da irin tasa ƙa'idar. Ra'ayina shi ne uwa dai Jankin ce, Jacques kuwa maƙwabci ne da kamanni ya sa ake ɗauka ɗan gidan ne. Amma ba zan ce wanda ya ba Jacques rabo ya yi shirme ba.

Kuma akwai misalin da na tabbata shi ne a ran maigida. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, ya taso a Wusasa ta Zariya, ya yi horon soja a Sandhurst ta Ingila, abokan aikinsa Jack suke kiransa, har jaridun waje suna rubuta Jack Gowon. Duk ɗan Nijeriyan da ya san wannan, dole ya ɗauka Jack shi ne Yakubu. Abin da ya faru da Janar ɗin shi ne ya faru da yaronki: an ji suna mai "yak" a farko, an san Jacob, sai baki ya zarce ga suna mafi sauƙi da yake kusa. A Ingilar yau ma akwai yara masu suna Jacob da ake kira Jack, ba wanda yake ɗaga gira.

Maganar jaki

Ki gaya wa kakarsa, cikin ladabi, cewa ba zagin jikanta ake yi ba. Jaki tsohuwar kalma ce a bakin Hausawa, fatake suna kora jakuna zuwa Gwanja tun kafin Bature ya san hanyar Kano, kuma ba ta da wata dangantaka da sunan Turawa. Kamannin sauti ne kawai. Sai dai kada in ɓoye miki, akwai wani dace mai ban dariya: a Turanci namijin jaki ana ce masa jackass, kuma ana zagi da kalmar. Wannan ya zo ne daga ɗabi'arsu ta laƙaba Jack ga namijin dabba, kamar yadda suke ce wa macen Jenny. Bature in ya ji sunan Jack, jaki ba ya faɗo masa a rai ko kaɗan.

Dalilin da ya sa Jack ya bazu haka shi ne yawan masu suna John. A rajistocin harajin kai na Ingila na wajen 1377 zuwa 1381, a wurare da yawa kusan namiji ɗaya cikin uku John ne. In suna ya yi yawa haka sai ya koma nufin kowa. Jack ya zama sunan bara, ɗan ƙodago, matuƙin jirgin ruwa, duk wani namijin da ba a damu da sanin sunansa ba. Cikin jagororin boren talakawa na 1381 akwai wanda ake kira Jack Straw, wanda ya jagoranci na 1450 kuma Jack Cade. Daga mutum sai sunan ya koma kan kayan aikin da suke yi wa mutum aikin bara. Jak ɗin da bakanike yake ɗaga mota da shi a garejin Kano ko Maraɗi, sunan nan ne dai, ya biyo mota ya shigo Hausa. Tutar Birtaniya da aka sauke a Legas ranar 1 ga Oktoba 1960, Union Jack, daga sunan ƙaramar tutar goshin jirgin ruwa ta samo nata.

Wato a da can sunan yana da ɗan ƙamshin talauci, mai kuɗi zai sa wa ɗansa John a takarda, Jack kuwa sai a gida. Wannan ya wuce. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 har zuwa 2008 Jack ne sunan da aka fi sa wa jarirai maza a Ingila da Wales, sai a 2009 Oliver ya ture shi. Yawancin waɗannan yara ba John ba ne, ba Jacob ba ne, Jack ne kawai a takardar haihuwa, irin su Jack Grealish da Jack Wilshere na ƙwallo. Shi ya sa abokan yaronki suka fi saurin kama shi, ajinsu da unguwarsu cike suke da masu sunan. A 2023 kuwa sunan da ya zo na ɗaya a wannan jeri na hukumar ƙididdigar ƙasar Muhammad ne, abin da ke nuna miki cewa makarantun can sun saba da sunayenmu fiye da yadda muke zato.

A bari ko a hana

Ni malamin harshe ne, ba mai fatawa ba, don haka hukuncin shari'a ki nema wajen malaminku. Abin da zan iya tabbatar miki ta fuskar ma'ana shi ne sunan ba na gunki ba ne, ba zagi ba ne, ba ya ɗauke da wata mummunar ma'ana. In an bi ta John, alherin Ubangiji yake nufi. In an bi ta Jacob, sunan da kuka yanka masa rago da shi ne ya dawo a wata riga.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne ki gano yadda aka yi sunan ya kama shi. Na sha zama da iyalai irin naku, kuma labarin iri biyu ne. Wani yaron abokansa ne suka sa masa don sun shaƙu, shi ma yana jin daɗinsa, yana kuma faɗin sunansa na gaskiya ba tare da jin nauyi ba. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Wani kuwa shi ya zaɓi laƙabin don ya gaji da yadda ake karya sunansa wajen kiran rajista, ko don ana yi masa dariya. Na biyun ne yake bukatar a zauna da shi. Ki tambaye shi a hankali, ba a gaban ƙannensa ba, kuma ba da sigar tuhuma ba. Yaro ɗan sakandare in aka ce masa kada ya sake amsa wani suna, sau da yawa sai ya ƙara riƙe shi, ya koma yana da suna biyu da fuska biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje.

In ya nuna yana son a koma Yakubu, abu ne mai sauƙi. Makarantun Ingila suna ajiye sunan doka da kuma sunan da yaro ya fi so a kira shi da shi, kowanne da gurbinsa, kuma iyaye suna da damar rubuta wa makaranta su gyara. Malamai za su bi. Abokai kam sai a hankali. Yakubu ba shi da wuyar furtawa ga Bature, masu kallon ƙwallo a can sun yi shekaru suna kiran Yakubu Aiyegbeni lokacin da yake Portsmouth da Middlesbrough da Everton, har suka taƙaita shi zuwa Yak. In kuma laƙabin Turanci yake so amma wanda ya fi dacewa da sunansa, Jake ne ya fi zama daidai, ko da yake wasu masana suna ganin shi ma Jake a zamanin da wani lafazi ne na Jack. A gida dai ku ci gaba da kiransa Yakubu, ku da kuka raɗa masa, ko da wane suna yake amsawa a filin wasa.

Inda ba na son ki yi sassauci ko kaɗan shi ne takardu. Laƙabi ya tsaya a baki. Takardar jarrabawar GCSE ta 'yan sakandaren Ingila, rajistar asibiti, asusun banki, lasisin tuƙi in lokacinsa ya yi, duk su zo da sunan da ke cikin fasfo, harafi da harafi. Na ga matashin da ya dawo gida neman aiki da takardar shaida mai ɗauke da laƙabi, fasfonsa kuma da sunan yanka, ya yi watanni yana yawon rantsuwa a kotu da buga sanarwar gyaran suna a jarida kafin a yarda mutum ɗaya ne. Yanzu da aka ɗaure komai da lambar NIN da BVN a Nijeriya, bambancin harafi ɗaya ma yana iya tsayar da mutum. Kafin a tura sunayen ɗalibai ga hukumar jarrabawa, makaranta takan ba da takarda a duba sunan da ranar haihuwa. Ki karɓa ki karanta da kanki, ki gwada da fasfo, kada ki bar wa yaron shi kaɗai.